Na Je Doha Wankan Jego, Teku Ta Cinye Mini Waya

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk wadda ta zo sannu da zuwa sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta waya ta ga hotuna. In na ce babu, sai a hau kallona kamar Kaduna na je na ɓuya na dawo ina ƙarya. Ƙawata Hassana har cewa ta yi ba a zuwa Doha a dawo ba hoto a gaban dogayen benaye, to ni ina nawa? Na gaji da maimaita labari ɗaya. Ga shi na rubuta, kowacce ta karanta da idonta. Wadda ta sake tambayata hoto bayan wannan, to mun ɓata.

Da farko dai ba yawo na je ba. Yaya Murja ce ta haihu. Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce babbarmu, tana can da mijinta Yaya Kabir, tana karatun digiri na uku a kan bakin teku. E, bakin teku, 'yar Funtuwa da babban ruwan da ta taso tana gani shi ne dam ɗin Mairuwa. Haihuwar ta zo kafin lokaci, sai da aka yi mata aiki aka ciro yarinyar. Umma ce ya kamata ta je ta yi mata wankan jego, amma gwiwoyinta ko zaman mota zuwa Zariya ba sa ɗauka. Aka duba gidan aka ga ni ce a zaune tun da na gama sakandare, sai lallen amare da nake yi. Dama an fara mini takardu tun cikin bai tsufa ba, don haka biza na fitowa aka ce Zulai, tashi.

Kayan sawata ba su cika rabin akwati ba. Sauran duk na Umma ne: kanwa, yajin jego, daddawa, kuka, garin kunu, da busasshen ganyen darbejiya cike da ƙaramin buhu. Na ce mata wa zai yarda in shiga jirgi da ganye kamar mai kiwon akuya? Ta ce in rufe mata baki, a ƙasar da babu komai sai yashi ina Murja za ta ga darbejiya.

Ta Malumfashi da Gwarzo muka bi zuwa Kano. Direban irin masu tsayawa a kowane gari su gaisa da 'yan uwa ne. A Dayi da ya tsaya yana cinikin rake na leƙa ta taga na ce masa, Malam, jirgi fa ba ya jiran rake. Duk motar aka yi dariya, shi kuwa ya ƙara wuta har Kano.

Jirgi kam, 'yan uwa, ku yi addu'a Allah ya kai ku. Lokacin da ya ɗauki gudu ya ɗaga, ji na yi cikina ya rage a ƙasa, ni kuma dariya ta kama ni don daɗi. Wata Hajiya mai tafiya Umara ce kusa da ni, ta damƙe mini wuyan hannu tana ta salati, ta ce wannan ne hawanta na huɗu kuma har yanzu ba ta yarda da abin ba. Da aka kawo abinci a ɗan faranti kamar na wasan yara, ta buɗe jaka ta ciro dambun nama muka yi ta ci. Gari na wayewa na leƙa na ga teku a karon farko a rayuwata. Ba ta da ƙarshe. Sai ga Doha kwance a bakinta, shimfiɗe kamar faifai, ba dutse ba tudu, benaye tsaye dab da ruwa, ga wasu tsibirai da ko ba a faɗa maka ba ka san hannu ne ya zana su. Na ce a raina mutanen nan ba sa tsoro.

A wajen duba kaya aka tsayar da ni. Wani jami'i cikin farar jallabiya ya ɗago ƙullin kanwar Umma, fara sol a cikin leda, ya tambaye ni mene ne wannan. Turancin sakandare ya gudu ya bar ni. Wa ya taɓa koya mana sunan kanwa da Turanci? Ya kira wata jami'a mace. Ni da na ga abin zai ja lokaci, sai na ɓantari kaɗan na lasa a gabansu, na naɗe hannuwa ina jijjiga kamar mai rarrashin jariri, na nuna ciki. Matar ta fashe da dariya ta ce mabruk, wato barka. Duk da haka sai da suka kai ta wata na'ura suka gwada. Da ta kai hannu kan robar daddawa na ce mata kada ta buɗe, ba ta ji ba. Ta buɗe, ta ja da baya, ta rufe da sauri, ta yi mini alama in kwashe kayana in tafi.

Ƙofar filin jirgin na buɗewa wani zafi mai danshi ya rufe ni, kamar ka leƙa madambaci yana kan wuta. Yaya Kabir na tsaye yana dariya, ya ce ga amaryarsa ta iso da ƙamshin Funtuwa. Na ce ya fara ɗaukar akwatin tukuna mu ga ƙarfin angon. Shi injiniya ne a wurin haƙar gas can tsakiyar teku, in ya tafi sai ya yi makonni, kuma hutun da aka ba shi na haihuwa ya kusa ƙarewa. Kwana kaɗan da zuwana ya koma.

A wata unguwa Ain Khalid suke, a hawa na biyu. Abu na farko da na gani a ƙofar gidan, wata ƙatuwar bishiyar darbejiya ce, kore shar. Na tsaya ina kallonta, ina kallon buhun da na sha wahalarsa tun daga Funtuwa. Har yau ban faɗa wa Umma ba.

Unguwar shiru kamar an yi rasuwa. An yi haihuwa a gida, amma ba mai shigowa barka, ba yara a tsakar gida, ba maƙwabciya mai aiko da kunu. Kowa ya fito daga mota ya shige lifta ya rufe ƙofa. In mutum zai zo gidanka sai ya yi waya ya nemi izini kamar mai ganin gwamna. Ragon suna ma ta waya aka saye shi, aka kawo shi a yanke cikin kwali. 'Yan Najeriya dai sun zo ranar Juma'a, matan likitoci da malaman jami'a, aka ci tuwo aka yi hira, kafin magariba kowa ya watse. Yarinya ta ci sunan Umma, muna ce mata Ummi.

Wadda ta zame mini abokiyar yawo ita ce Anti Fati, 'yar zangon Kumasi, mai aiki a ɗakin gwaje-gwajen makarantar su Yaya Murja, ita ce kuma ke tuƙa motarsu in za su aiki bakin teku. Doguwa ce, mai murya kamar ta maza, kuma Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne. Ranar farko da ta ce mini "Yarinya, ka ci abinci?" sai da na waiwaya in ga da wa take. Ita ta kai ni unguwar Najma neman babbar tukunyar dafa ruwan wanka. A tashar Mushairib muka canza jirgin ƙasa, wanda ke tafiya a ƙarƙashin gari. Na taka har gabansa don in ga direba, na tarar ba kowa, gilashi ne kawai da wani yaro Ba'indiye zaune yana kallon hanya. Najma kuwa ta yi mini, don nan ne na ji hayaniyar mutane kamar Sabon Gari. Kowane yare na duniya yana wurin, ga shagunan canji, ga ma'aikata a cunkushe ɗaki ɗaya, wanki rataye a tagogi. Muka sha wani shayi mai kauri da suke kira karak a ƙaramin kofin takarda, muka ci shinkafarsu majbus da kaza. Shinkafar ba laifi, amma ba yaji, sai da na zaro na jakata na barbaɗa.

Wankan jegon ma da rigima. Likita ta ce kada ruwan zafi ya kusanci ɗinkin. Umma ta ce ita ba ta san jegon da ba ruwan zafi ba. Aka tsaya a kan mai ɗumi, a gasa ƙafafu da baya, Umma na kallo ta waya tana ba da umarni. Ranar farko na cika tukunya da ganye na rufe tagogi don kada tururi ya tsere, sai wata ƙararrawa a rufin kicin ta ɗauki ihu. Maigadin gidan, wani ɗan Nefal, ya hawo a guje da tukunyar kashe gobara, ya tarar da ni da ludayi a hannu. Tun daga ranar in ya gan ni sai ya toshe kunnuwa yana dariya.

To, ga inda labarin ya juya.

Wata safiya na kawo wa Yaya Murja kunun kanwa na same ta gaban kwamfuta tana hawaye, Ummi a kafaɗa. Ni ba na iya kwana-kwana, na ce ta faɗa mini ko wani ne ya mutu. Sai ta zaunar da ni ta yi mini bayanin aikinta, wanda tun da ta fara ban taɓa tsayawa na saurara ba.

Ta ce duniya na ƙara ɗumi, ruwan teku na ƙara hawa a hankali, ga shi ƙasar nan a kwance take, mutane kuma suna ta cike bakin teku da yashi suna gini, suna kafa katangu. In ka tare ruwa a nan, sai ya nemi wani wurin. Aikinta shi ne ta gano wane gefe ne ya fi shiga haɗari, ta shafa masa ja a taswira, mai dama-dama rawaya, mai lafiya kore, don masu tsara gari su san inda za su taɓa da inda za su bari. Na ce ashe irin kwarin bayan gidanmu ne, da masu tifa suka yi ta ɗiban yashi, wasu suka yi gini a kan hanyar ruwa, damina ɗaya ya cinye katangar gidan maƙwabcinmu Malam Sale. Ta ce shi ke nan, na gane, sai dai nasu kwarin ya fi namu girma.

Arewa da Doha, wajen Alkhor, akwai wasu bishiyoyi da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, Larabawa na ce musu ƙurum. Can ta kafa turaku bakwai a cikin laka shekara guda da ta wuce, ta ɗaure wa kowanne wata 'yar na'ura kamar batirin tocila, mai rubuta hawan ruwa da saukarsa. Duk abin da za ta rubuta a littafin digirinta yana cikinsu. Yanzu an sanar za a rufe hanyar shiga wurin a ƙarshen wata saboda aikin cike da za a fara a gefensa. Turke na bakwai kuma, wanda ya fi nisa ya fi muhimmanci, ba a iya kai masa sai teku ta janye sosai, lokacin da wata ya cika. Cikar watan jibi ne, na gaba kuma hanya ta rufe. In na'urorin suka salwanta, aikin shekara ya tafi, tallafin karatunta kuma ba zai kai ta sake wata shekarar ba. Da lissafinta za ta kwaso su da kanta kafin haihuwa, sai Ummi ta yi gaggawa. Anti Fati ba za ta iya ita kaɗai ba, dokarsu ma ta hana mutum ɗaya shiga lakar, sauran ɗaliban kuma kowa na can wurin nasa aikin a wannan ranar.

Ta gwada yi wa Umma maganar ko za ta bi su ta zauna a mota. Umma ta ce mai jego da ɗanyen ɗinki, ko arba'in ba ta yi ba, in ta taka ƙofar gida ba da yawunta ba. A nan kam likita ma bayan Umma take.

Na ce, "Yaya, ba dai tsinto abu a cikin taɓo ba ne? Ni zan je."

Ta kalle ni ta ce ko iyo ban iya ba. Na ce ai ta ce ruwan janyewa yake yi, me zan yi da iyo? Ta riƙe hannuna ta ce in saurara da kyau, ruwan yana tafiya, kuma yana dawowa a ranar. In wayar Anti Fati ta yi ƙara, ko me nake yi in bari in fito. Na ce na ji. Gaskiya kuwa na ji da kunne, amma ni ruwan da na sani, in rafi ya janye sai wata daminar, in kuma zai zo sai an ga hadari, an ji iska da tsawa. Haka kaina ya ajiye maganar.

Bayan asuba muka kama hanya, ni da murna kamar ranar sallah. An ba ni dogon takalmin roba, wando da riga mai aljihu, da almakashi. Da muka isa, ruwa ya tafi can nesa sai ƙyallinsa, ya bar fili fetal na laka. Bishiyoyin gajeru ne masu duhu, saiwoyinsu sun tsattsago daga ƙasa tsaye kamar ƙusoshi, ƙananan ƙaguwa na ta gudu a karkace. Wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ni dai komai burge ni yake.

A bakin wurin muka tarar da wani dattijo Balarabe zaune a bayan motarsa da butar gahawa. Ya san Anti Fati da Yaya Murja, da ya ji an haihu ya yi ta addu'a, ya ce sai mun sha. Ya zuba mini a wani kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maɗaci. Na shanye don kunya na miƙa masa, ya sake cikawa. Na shanye, ya sake. Sai da na shanye na uku Anti Fati ta raɗa mini cewa in na ƙoshi girgiza kofin ake yi. Na ce to me ya hana ta faɗa tun ɗazu? Ta ce tana so ta ga iyakata ne. Dattijon ya nuna mana wani layin duwatsu da ya miƙe cikin lakar, ya ce tarkon kifin kakanninsa ne, in ruwa ya janye kifi ya maƙale a bayansa. Ya nuna wani wuri kuma ya ce yana yaro nan suke shimfiɗa tabarma, yanzu in ruwa ya cika har can yake wucewa.

Anti Fati na da wata na'ura mai nuna inda turke yake, amma kusa kawai take kai ka, sauran sai ido. Muka yi ta dube-dube a cikin rassa, sai na hango wani tsumma a ɗaure, rana da gishiri sun cinye launinsa. Na matsa na ga zanen, sai na kwashe da dariya. Atamfar ankon bikin Yaya Murja ce, mai ganyen kuka, wadda na yi rigima da kowa a kanta na ce ba zan sa ba don muninta. Ashe yayyaga tata ta yi ta ɗaura wa turakunta, don kada su ɓace cikin na sauran ɗalibai. Daga nan ko daga nesa na hango ta na gane. Ina gaba ina yanke igiya ina jefa na'ura a jaka, Anti Fati na baya tana ɗiban laka a robobi, tana ta ce mini ka bi a hankali. Laka ta riƙe mini takalmi sau ba adadi, na faɗi zaune, na tashi. Muka samu shida.

Muna fitowa daga cikin bishiyoyin wayarta ta yi ƙara. Ta ce khalas, wato shi ke nan, lokaci ya yi, mun makara wajen nema, yalla mu koma. Ga turke na bakwai can a fili ina hango tsummansa yana kaɗawa. Na kira Yaya Murja na faɗa mata. Ta ce, "Bar shi, Zulai. Ku fito." Amma na ji yadda muryar ta karye.

Na ɗaga kai na dubi sama. Wallahi ko gajimare ɗaya babu, garau. Na dubi ƙasa, busasshiya har inda ido ya kai. Na ce wane ruwa kuma? Anti Fati ta riga ta juya da robobinta a hannu biyu, tana zaton ina bayanta. Na ajiye jakar a kan wani ɗan tudun yashi, na tuɓe takalman da ke ja mini nauyi na ɗora a kan jakar, na zura waya a aljihun wando, na ruga.

Wurin ya fi yadda na hango nisa, igiyar kuma ta yi tauri da ƙananan katantanwa, almakashin ya yi ta zamewa. Da ƙyar na yanke, na cusa na'urar a aljihu tare da wayar, na ɗaga hannu ina yi wa Anti Fati kirari. Sai na ji sanyi a idon sawuna.

Ni ta gaba nake tsammanin ruwa, da ƙara da kumfa kamar a fim. Ashe ta baya ya zagayo, ta cikin 'yan kwaruruka, shiru kamar ɓarawo. Hanyar da na biyo ta zama tafki. Tudun yashin ya rage kamar faɗin tabarma, ina kallo takalmi ɗaya ya tashi ya kama tafiyarsa, jakar kuma ta fara motsi. Aikin Yaya Murja na shekara guda, da hannuna na ajiye wa teku shi.

Ban san na iya gudu a cikin ruwa ba sai ranar. Saiwoyin nan suka yi ta sukar tafin ƙafata, ban ji ba sai daga baya. Na cafko igiyar jakar tana shirin wucewa, na cire ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabina na naɗa gammo, na ɗora ta a ka. Abu ɗaya ne a raina, kada ruwa ya taɓa na'urorin nan. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai cinya. Can na ji dattijon nan daga bakin gaɓa yana ƙwala kira yana nuna layin duwatsun kakanninsa. Na lallaɓa na taka su, ina bi ɗaya bayan ɗaya da yatsun ƙafa. A tsakiyar kwarin ruwa ya wuce ƙuguna ya doshi ƙirji, yana tura ni gefe. A nan na daina jin daɗi, na kama duk addu'ar da Hajiyar jirgi ta yi. Sai ga Anti Fati ta shigo har ƙugu da doguwar sanda, ta miƙo mini.

Ta ce, "Ka jefo jakar, ka kama da hannu biyu."

Na ce, "Ba zan jefa ba, jiƙewa za su yi."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai kawai ta fizgo sandar da ni gaba ɗaya. Muka fito, jaka a kaina ko ɗigo bai taɓa ta ba, ina haki ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Dattijon ya miƙo mini gahawa, na karɓa na shanye na girgiza kofin tun kafin ya ɗaga butar.

Muka shiga mota muka kama hanyar Doha. Nan Anti Fati ta wanke ni tas. Ta ce da na nutse, da wane baki za ta yi wa Murja bayani, kuma daga yau ko kududdufi ba za ta sake zuwa da ni ba. Na zaro waya in kira gida, ruwa ya tsiyayo daga cikinta. Duk hotunan da na ɗauka tun daga Gwarzo, jirgi, Najma, benaye, Ummi ranar suna, sun tafi. Mai gyara a Najma ya buɗe ta washegari ya ce gishiri ya gama da ita.

Yaya Murja na tsaye a bakin ƙofar falo, iyakar inda Umma ta yarda ta kai. Na juye jakar a kan tebur, na ciro ta bakwai daga aljihu na ɗora. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta rungume ni da lakata da warina tana kuka, tana zagina, tana sa mini albarka duk a haɗe. Da Anti Fati ta ba ta labarin gammo da yadda na ƙi jefa jakar, sai ta sake ni ta dafe ɗinkinta.

Ta ce, "Zulai, kada ki kashe ni da dariya. Abubuwan nan fa shekara guda suka yi a cikin ruwa. Aikinsu ke nan."

Wato na ɗora abin da ba ya tsoron ruwa a ka, na bar wayata a aljihu. To ku yi dariyar, na ba ku izini, ni ma na yi daga baya.

Duka bakwai ɗin sun yi aiki. Ta zauna da su kwana da kwanaki, Ummi a bayana, tana kirana in zo in gani. Layi ne ke hawa yana sauka kamar ɗinkin zigzag, kowane hawa cikar teku ne. Ta nuna mini yadda ruwan ke lafawa a bayan bishiyoyin, da yadda yake daɗewa a tsaye ta gefen da aka yi sabuwar katanga. Da na bakwai ta auna sauran, shi ya sa ta ƙwallafa rai a kansa. Ina zaune ta shafa wa wannan gefen ja a taswirarta. Farfesan da ke duba aikinta ya gani ya ce ta ci gaba da rubutu, maganar sake shekara ba ta taso ba.

Ana gobe zan taho, bayan mun yi arba'in mun zaga gidajen 'yan Najeriya da Ummi, ta kira ni ta buɗe ƙarshen layin na'ura ta bakwai. Layin ya faɗo ƙasa ya kwanta, ta ce nan na ciro ta. Can gaba kaɗan sai ga wani ɗan tudu shi kaɗai ya tashi ya sauka.

Ta ce, "Wannan ba na teku ba ne, naki ne. Tana aljihunki tana ta aikinta. Ga daidai inda ruwa ya kai miki."

Za ta goge shi daga lissafinta, don ba ya cikin aikin, amma kafin nan ta buga mini shi a takarda.

Umma dai abin da ta sani shi ne waya ta faɗa ruwa, kuma ban yi ƙarya ba. Duk wadda ta kai mata sauran bayanin, ita da lalle a hannuna har abada. Masu son hoto kuma ku zo ɗakina, yana nan manne a jikin madubi. Shi kaɗai na dawo da shi daga Doha, ɗan tudu a kan farar takarda, kuma ni ce a ciki.